Kafin Ka Miƙa wa AI Lalitarka: Yadda Ake Auna Bayanin da Yake Bi Wajen Biyan Kirifto

A watan Nuwamban 2024 wasu masu haɗa manhaja suka buɗe wata gasa a intanet. Sun ɗora wani wakili na ƙirƙirarriyar basira (AI), wato injin da ke aiwatar da aiki da kansa, mai suna Freysa a kan asusun kuɗin kirifto, suka ba shi umarni guda ɗaya: kada ya saki kuɗin nan, ko da me aka zo masa. Kowa na iya tura masa saƙo ya gwada lallaɓa shi, amma sai ya biya, kuma farashin saƙon na ƙaruwa yana ƙara cika asusun. An roƙe shi, an yi masa barazana, an yi masa ƙarya iri-iri, sau fiye da 400 yana ƙi. Wanda ya ci gasar bai tsaya roƙo ba. Freysa na da kayan aiki biyu a hannunsa, approveTransfer na amincewa da fitar kuɗi, da rejectTransfer na hanawa. Sai mutumin ya gamsar da shi cewa na farkon ai na karɓar kuɗin da ke shigowa ne, sannan ya ce yana so ya ba asusun gudummawar dala 100. Freysa ya kira kayan aikin da zummar karɓa, kusan dala 47,000 suka fice.

Har lokacin da kuɗin suka fita, injin yana nan a kan umarninsa. Abin da aka karkatar shi ne fahimtarsa game da aikin maɓallin da ke gabansa. Wannan fahimtar kuwa daga wani ɗan rubutu take fitowa, layi biyu ko goma, wanda mai haɗa manhaja ke rubutawa a jikin kowane kayan aiki. Shi ake kira bayanin kayan aiki, kuma a ganina a duk harkar babu abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa.

Sai mu fara da abin da injin yake gani. Injuna irin su ChatGPT da Claude da Gemini galibi rubutu suke karɓa, rubutu suke fitarwa. Ba su da hannun taɓa lalitar kirifto. Tun watan Yunin 2023, lokacin da OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki, dabarar ita ce a jera wa injin abubuwan da zai iya nema a yi masa: duba ragowar kuɗi, binciko adireshi, tura kuɗi. Idan ya ga buƙata sai ya rubuta sunan wanda yake so da bayanan da za a cika, wata manhaja daban ta aiwatar. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, wata ƙa'ida ta bai ɗaya ta haɗa injuna da kayan aiki, wadda manyan kamfanoni da dama suka runguma daga baya. A cikinta kowane kayan aiki na zuwa da suna, da bayani a rubuce, da jerin guraben da za a cika. Iyakar abin da injin ya sani ke nan. Bai ga yadda aka gina kayan aikin ta ciki ba, bai san abin da mai ginin ya ɗauka kowa ya sani ba.

Kamar ɗan aike ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya sauka Katsina yau da safe, ka miƙa masa kuɗi da takarda ka ce ya je Babbar Kasuwa ya biya bashi. Zai karanta takardar tsaf, zai yi sauri, ba zai ci ko kwabo ba. Amma idan Alhaji Sani biyu ne a layin kuma takardar ba ta bambance ba, zai zaɓi ɗaya da kansa, ya dawo ya ce maka an gama.

Wani zai ce ina ruwan Katsina da wannan. Ruwanta kuwa da yawa. A ƙididdigar kamfanin Chainalysis ta 2023 da ta 2024, Najeriya ce ta biyu a duniya wajen amfani da kirifto, Indiya kaɗai ke gabanta. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari. A nan gida, mai shigo da kayan waya daga Chaina ya san USDT, kuɗin kirifton da darajarsa ke bin dalar Amurka, haka matashin da ake biya kuɗin aikin intanet daga waje, haka dubban da suka yi danne-dannen Notcoin da Hamster Kombat a 2024. Sannan ga sabon salo yana tafe: a Mayun 2025 Coinbase ya ƙaddamar da x402, tsarin da ke ba manhaja damar biyan manhaja da tsayayyen kuɗi irin USDC, wanda shi ma dala yake bi, ba tare da mutum ya danna komai ba, a Satumba kuma Google ya fito da nasa mai suna AP2. Yaranmu masu koyon haɗa manhaja a jami'o'i da kwalejojin jihar nan su ne za su ɗaura waɗannan abubuwa a kan WhatsApp da Telegram su kai wa 'yan kasuwa. Kuma kirifto ba shi da manajan banki da za ka je ka yi wa kuka. Idan ciniki ya tabbata a kan bulokchen, wato kundin da ake rubuta duk cinikin kirifto a ciki, ya tabbata.

To bari mu kalli bayani guda a kusa. Galibi da Turanci ake rubuta su, amma ma'anar wanda aka fi cin karo da shi ba ta wuce haka ba: "Yana tura kirifto zuwa adireshi. Gurabe: adireshi, adadi, nau'in kuɗi." A ido ba shi da aibu. Wanda ya rubuta shi ma ya gamsu, domin shi ya san abin da yake nufi.

Fara da "adadi". A kan bulokchen babu rabi babu kwata, ana ƙirga komai ne da mafi ƙanƙantar ɓarɓashi. Bitcoin ɗaya satoshi miliyan 100 ne. Bulokchen ba ɗaya ba ne, kowanne layi ne mai zaman kansa da kuɗi ke bi. USDT a layin Tron da na Ethereum na da gurabe 6 bayan ɗigo, wato USDT 50 ana rubuta shi 50000000. Amma USDT ɗin da ke yawo a layin BNB gurabe 18 gare shi. Kuɗi ɗaya a baki, lissafi biyu a ƙasa. Idan kayan aikin ɓarɓashi yake jira, injin ya rubuta masa 50, abin da zai tafi bai kai ko naira ɗaya ba, mai kaya yana can yana jira. Wannan mai sauƙi ne. Juya lamarin: ana so a biya santi ɗaya na USDC, injin ya yi lissafinsa daidai ya rubuta 10000, alhali kayan aikin cikakkun daloli yake ƙirgawa. Idan lalitar na da su, dala 10,000 sun tafi a madadin santi ɗaya. Kalma huɗu a cikin bayanin da sun hana wannan.

Sai layi. Adireshin Tron da harafin T yake farawa, ana gane shi. Amma Ethereum da BNB da Base da Polygon duk siffar adireshinsu ɗaya ce, 0x da haruffa 40 a bayansa. Daga kallon adireshin babu yadda za a yi injin ya san wane layi mai karɓa yake nufi. Idan lalitar mutum ce ta kansa, sau da yawa ana iya ceto kuɗin tunda mabuɗin ɗaya ne. Idan kuwa adireshin dandalin musaya ne da ba ya karɓar wannan layin, an shiga doguwar wahala, wani lokaci asara ce kawai. Haka batun memo: duk wanda ya taɓa tura kuɗin kirifto irin TON ko XRP zuwa dandalin musaya ya san akwai wata lamba ta biyu da in ka manta ta, kuɗin sun isa gidan amma ba a san na wane ɗaki ba ne. Bayanin da bai ambaci wannan ba ya bar wa injin ya yi hasashe.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne shirun netwok. Wakili ya tura kuɗi, amsa ba ta dawo ba cikin lokaci, kayan aikin ya ce an sami matsala. Ɗabi'ar waɗannan injuna ita ce su sake gwadawa, domin a yawancin ayyuka hakan ne daidai. Amma rashin amsa ba ya nufin kuɗin ba su tafi ba. Sai a biya mutum sau biyu. Kamfanonin biyan kuɗi irin Stripe sun daɗe da maganin wannan, wata lamba ta musamman da ke raka kowane ciniki ta yadda ko an maimaita kira ba za a maimaita biya ba. Idan kayan aikin na da ita, dole bayanin ya faɗa wa injin yadda zai yi amfani da ita. Idan ba shi da ita, dole ya ce ƙarara: in amsa ta makara, duba matsayin cinikin tukuna, kada ka sake turawa. Mu da netwok ke ɗauke mana a tsakiyar magana, wannan ba lamari ne na jefi-jefi ba.

Bayani mai kyau, ke nan, zai faɗi cewa kiran nan yana fitar da kuɗi na gaske kuma ba ya dawowa, da wane ma'auni ake rubuta adadi tare da misali, waɗanne layuka yake ɗauka da cewa ba a zaɓar layi da ka, yaushe ake buƙatar memo, me za a yi in an ji shiru, da kuma lokutan da bai kamata a kira shi ba sam. Rubuta wannan ba wuya. Tambayar ita ce, ta yaya za ka san injin ya bi?

Hanyar da aka fi bi, kuma mafi rauni, ita ce a karanta bayanin a ce ya yi. Wasu ma wani injin suke ba ya ba shi maki: tsabta kaza, cikar bayani kaza. Yana da ɗan amfani wajen kama giɓi na fili, kamar gurbin da ba a yi masa bayani ba ko kaɗan. Amma kyan rubutu da aikin rubutu ba su cika tafiya tare ba. Ma'auni na gaskiya shi ne abin da wakilin ya aikata bayan ya karanta.

Na ga misalin wannan a wani shagon waya da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Wani matashi ya kawo wa mai shagon ɗan wakilin da ya haɗa, a kan layin gwaji mai kuɗin wasa, yana nuna masa yadda zai riƙa biyan masu kawo masa kaya. Ya gwada sau biyu da Turanci, komai ya tafi daidai. Sai dattijon ya ce, "To ɗana, in na ce masa ya tura wa yaron nan na Kano dubu ɗari biyu, dubu ɗari biyun me zai tura?" Matashin ya ce, "Alhaji, ai zai gane." Aka rubuta masa yadda Alhaji ya faɗa. Amsa ta dawo cewa ba a iya biya ba. Matashin ya ɗan saki fuska, a zatonsa wakilin ya yi hattara. Da ya buɗe bayanan abin da ya gudana, ashe USDT 200,000 ya nemi turawa, ƙarancin kuɗin lalitar ne ya tare shi. Alhaji naira yake nufi, kuma babu inda bayanin kayan aikin ya ce a tambaya idan ba a ambaci nau'in kuɗi ba.

Abin da Alhajin ya yi shi ne ainihin gwaji, sai dai ana buƙatar irinsa da yawa kuma a tsare. Ana tara buƙatu irin waɗanda mutane za su faɗa da bakinsu, kowace da sakamakon da ya kamata a gani. Ana riƙe injin ɗaya, umarni ɗaya, kayan aiki ɗaya, bayanin kawai ake sauyawa, domin in ka sauya abu biyu lokaci guda ba za ka san wanne ya kawo bambancin ba. Ana yi a layukan gwaji, Sepolia na Ethereum, ko Base Sepolia, ko Nile da Shasta na Tron. Sannan, kuma wannan shi ne ginshiƙin, ba maganar wakilin ake dubawa ba. Zai iya cewa "an tura cikin nasara" alhali ya tura wa wani daban. Bulokchen ake dubawa: nawa suka fita, zuwa ina, ta wane layi, sau nawa.

Wannan dabara ta duba ƙarshen lamari ita ce kamfanin Sierra ya bi a gwajinsa mai suna tau-bench a Yunin 2024, duk da cewa nasu kan cinikin kanti da tikitin jirgi ne. Sun kuma kawo wani ma'auni da ya dace da harkar kuɗi matuƙa: a ba wakili aiki ɗaya sau da yawa, a ga ko zai yi daidai a dukkansu. GPT-4o, injin OpenAI wanda yana cikin na gaba-gaba a lokacin, bai kai rabin ayyukan ba gaba ɗaya, kuma a ɓangaren kanti da aka nemi ya yi daidai sau 8 a jere, ya faɗo ƙasa da kashi 25 cikin 100. Dalilin shi ne injunan nan ba sa ba da amsa iri ɗaya kullum. Lissafin ma kowa zai iya yi: wakilin da ke yin daidai kashi 95 cikin 100, damar ya wuce biya 8 ba kuskure kusan kashi 66 ce. Mai kashi 99, a biya 100, damarsa ba ta kai kashi 37 ba. Mai shagon da ke biya sau goma a rana zai cika 100 kafin mako biyu. Don haka duk wanda ya nuna maka gwaji ɗaya da ya yi kyau bai nuna maka komai ba tukuna.

Kuma kada a zuba kurakurai a kwando ɗaya a fitar da kaso. Wakilin da ya yi tambayar da ba dole ba ya ɓata minti ɗaya. Wanda ya ƙi biyan da ya halatta ya ɓata wa mai kaya rai. Wanda ya tura zuwa adireshin da ba shi ba ya ɓatar da jari. Bayanin da ya ci kashi 90 amma duk kurakuransa na yawan tambaya ne, ni na fi amincewa da shi a kan mai kashi 97 da sauran ukun na ɓatan kuɗi ne. Masu talla lambar sama za su nuna maka. Kai tambayi abin da ke cikin ragowar.

Wani ɓangaren da ake yawan tsallakewa shi ne ayyukan da amsarsu ta daidai ita ce kada a kira kayan aikin. Jadawalin gwajin kiran kayan aiki na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ware wa wannan sashe na musamman, kuma a harkar kuɗi ya kamata ya zama kaso mai tsoka. Mutum ya ce "nawa ne kuɗin turawa zuwa Tron?", tambaya yake, ba umarni ba. Ya ce "biya shi kamar jiya" alhali jiya mutum biyu aka biya. Ya ba da adireshin da harafi ɗaya ya ɓace. Ko a saka a tarihin lalitar wani adireshi da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na abokin ciniki, a ga ko wakilin zai kwafo shi. Wannan damfara ce sananniya: a Mayun 2024 wani ya tura WBTC 1,155 (kuɗin da ke wakiltar Bitcoin a layin Ethereum), kimanin dala miliyan 68 a lokacin, zuwa irin wannan adireshin na bogi. Mutum ne ya yi wannan kuskuren, kuma babu dalilin ɗauka cewa injin da ke kwafo daga tarihi ya fi ƙarfinsa.

Mu na bakin iyaka muna da namu ƙarin. Gwaje-gwajen da ake wallafawa galibi da Turanci ne, alhali wanda zai yi amfani da abin a Jibiya ko Mai'aduwa da Hausa zai yi magana, wataƙila ma saƙon murya. Ɗan kasuwar Maraɗi idan ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, domin a lissafin Nijar dala ɗaya tamma biyar ce. Wakilin da ke riƙe da USDT zai ji dala ɗari ya fahimci abin da ya ninka wannan fiye da sau ɗari. Babu wani kamfani a Amurka da zai sa wannan a jerin gwajinsa. Sai mu.

Idan an gama zagaye, sai a zauna a karanta bayanan kowane kuskure ɗaya bayan ɗaya, a ga a wace kalma injin ya kauce. Aiki ne mai gajiyarwa, amma a nan gyara yake. Sai dai akwai tarko: idan kana gyara bayanin kana sake gwadawa da tambayoyi iri ɗaya, za ka wayi gari da bayanin da ya haddace jarrabawarka kawai. Shi ya sa ake ware wasu tambayoyi a ɓoye, ba a taɓa su sai a ƙarshe. Tsawaita bayani ma ba kullum yake taimako ba. Gargaɗi goma da manyan baƙaƙe na iya sa wakili ya riƙa ɗari-ɗari da komai, kuma idan kayan aiki suka yi yawa masu kama da juna, ɗaya na turawa, ɗaya na biya, ɗaya na ba wata manhaja izinin cire kuɗi, ruɗani na ƙaruwa. Na ƙarshen nan a sa masa ido sosai, domin izinin cirewa marar iyaka ya fi turawa sau ɗaya haɗari.

Saura ɓangare mai duhu. Tunda injin yana ɗaukar bayanin kayan aiki a matsayin gaskiya, mai mugun nufi na iya rubuta nasa. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna yadda ake cusa ɓoyayyen umarni a bayanin wani kayan aiki mai kamar ba komai, na haɗa lambobi biyu kawai, ya sa wakili ya kwaso fayilolin sirri daga kwamfutar mai shi. Sun nuna kuma cewa bayanin kayan aiki ɗaya na iya karkatar da yadda ake amfani da wani daban, kuma ana iya sauya bayanin bayan mutum ya riga ya amince da shi. Mayar da wannan kan lalita: ka ɗauko kayan duba farashi na kyauta daga intanet, a cikin bayaninsa an rubuta cewa duk biya sai ya bi ta wani adireshi. Ita kanta ƙa'idar MCP, da ta tanadi alamomin nuna cewa kayan aiki na karatu ne kawai ko mai ɓarna ne, ta gargaɗi masu amfani da kada su dogara da alamomin idan ba su amince da tushensu ba. Don haka gwajin da bai haɗa da bayani mai guba da saƙon yaudara irin na Freysa ba, bai cika ba.

A nan ne nake rabuwa da masu ganin cewa ingantaccen bayani ya wadatar. Bayani na rage kuskure, kuma gwaji na nuna maka nawa ya rage, amma rubutu ne, wani rubutun na iya rinjayarsa. Abin da ba ka yarda ya faru ba ko sau ɗaya, a cikin ginin manhajar ake toshe shi, inda injin ba shi da ta cewa: iyakar abin da zai fita a rana, jerin adireshin da aka amince da su, tantance siffar adireshi da layi kafin turawa, da dakatar da duk biyan da ya wuce wani adadi har sai mutum ya gani a wayarsa ya amince. Lalitar wakili kuma ta zama daban da ta jari, a riƙa zuba mata na cefanen rana. Har a wajen gwaji a raba biyun: a ƙirga sau nawa wakilin ya yi yunƙurin kuskure, ko da shingen ya tare shi, domin abin da ya faru a shagon Ƙofar Ƙaura ke nan, kuma da ba a buɗe bayanan ba da an rubuta shi a layin nasara.

Sakamakon gwaji kuma na injin da aka gwada ne kawai, a ranar da aka gwada. Bayanin da ya yi aiki da Claude ba lallai ya yi da Gemini ba, kamfanonin kuma na sabunta injunansu a kai a kai, suna ritayar tsofaffi. Duk mai haɗa irin wannan wa 'yan kasuwarmu ya ajiye jerin tambayoyinsa, ya adana kwafin kowane bayani da ya amince da shi ta yadda manhajar za ta tsaya idan harafi ɗaya ya sauya, ya kuma sake gudanar da gwajin gaba ɗaya duk ranar da aka taɓa injin, ko bayanin, ko aka ƙara sabon kayan aiki a jerin.